Santimita Uku

Bangon shagon Anacleto ya karkace da santimita uku.
Ban gaya masa ba.
Wa zai ce wa mutum ginin kakansa
ya jingina da na maƙwabci kamar mai gyangyaɗi?
Na dai rubuta a bayan takardar burodi,
na soke fensir a gashina, na gangara Titin Almada
cikin yayyafin nan na Porto
da ba ka sanin ya jiƙa ka sai ka isa gida.

Ya ce tagar gilashin ta ɗauki takalma arba'in.
Na ce bakwai.
Ya ce, "Graciete, haraji nake biya."
Na ce, "Ido ba buhu ba ne.
Mai wucewa numfashi biyu zai ba ka,
in ka cika masa gaba sai ya kalli agogonsa."
Muka tsaya a kan tara,
kowa na ganin shi aka ƙwara.

Mako uku ina yi masa matakala
wadda ba ta zuwa ko'ina.
Ta taso daga ƙasa, ta murɗe kamar ɓawon lemo,
ta ƙare a iska.
Katakon tsoffin ganguna ne, na saya a Gaia, ƙetaren kogi;
zarto na shigarsa, ɗaki ya ɗauki ƙanshin inabin
da aka shanye tun ban yi wayo ba.

Telmo, ɗan ƙanwata, ya zana ta a kwamfuta,
tsaf, ba tangarɗa.
Kwamfuta ba ta taɓa dafa bangon Anacleto ba.
Sai na bi kowane taki da magagari,
in ci dama, in bar hagu,
har karkatacce ya sami ɗan'uwansa.
Telmo na huci. Yaro ne, yana son layi miƙaƙƙe.
Ni ma na so, a da.

Daren ɗaurawa muka rufe gilashi da takarda.
Ƙofa ta ƙi mu.
Muka kwance abin gida uku a kan titi,
noti ɗaya ya gangara cikin kwata,
tsuntsayen teku na yi mana dariya daga rufin coci.
Sha biyu ta wuce. Ɗaya ta wuce.
Na ɗaga dunduniyar wani jan takalmi da zaren kamun kifi
don ya zama kamar mai shi ta ɗaga ƙafa yanzun nan.
Fitila kuwa, sau shida ina sauko da ita:
fata ba ta son haske a ka, ta gefe take so,
kamar fuskar tsohuwa.

Ƙarfe uku muka yage takardar.
Anacleto ya fita da silifas,
ya tsallaka titi, ya tsaya, hannu a baya.
Ya daɗe.
Ya dawo, ya zura hannu,
ya cire baƙi ɗaya, ya cire ruwan ƙasa ɗaya,
ya rungume su ya shige ciki bai dube ni ba.
Ni ma na duƙa ina neman notin da na san ya tafi.

Da safe ina shan kofi a tsaye, shagon da ke kallonsa.
Mai raba wasiƙu ta zo da sauri,
ta wuce,
ta dawo taki biyu,
ta bi matakalar da ido har inda ta ƙare,
sannan ta dubi ƙafafunta.

Sunana ba ya jikin komai a wurin.
Watan Janairu zan zo in kwance ta.
Telmo ya ce, "Ba ya miki ciwo?"
Na ce ya ɗauko tef.
Ermelinda mai sabulu na jira,
kuma daɓen shagonta, tun daga bakin ƙofa na ji a gwiwata,
yana gangarawa wajen kogi.